Ruwan Kanwar Malam Ƙamus

Wani sashe na wannan labari ya zube mini a hanya. Na manta shekarar, na manta ko da damina ne ko da rani, sunan titin ma da na zauna a kai shekara tara ya ƙi zuwa bakina. Na yi yawon koyarwa a garuruwa da dama, yanzu duk sun haɗe mini sun zama gari ɗaya. Abin da ya rage shi ne wanda na so in manta, shi kuwa ya zauna daram. Mutumin da zan ba da labarinsa ni ne, amma tun da na girme shi da shekara ashirin da ɗoriya, ina da damar in koma gefe in yi masa dariya. Zan kira shi da sunan da 'yan unguwa suka laƙaba masa.

Malam Ƙamus suke ce masa. Malamin makaranta ne, Turancinsa daidai na karanta allon bakin titi, kuma ba ya fita sai da wani ƙamus mai jan bango a aljihu, har aljihun ya saki ya yi tumbi. Ba a taɓa yi masa tambaya ya ce bai sani ba. In bai sani ba sai ya ce, "Wannan ai a fili yake," ya yi ta magana har mai tambayar ya tuna yana da wani uzuri.

A hawa na biyu na wani gidan haya yake zaune, shi da matarsa da yayarsa. Yayar tela ce. Da mijinta ya rasu ta dawo wurin ƙanenta da keken ɗinkinta na takawa da ƙafa, aka ajiye shi a falo jikin taga. Tana da hawan jini, tana shan wata ƙwaya mai sa yawan fitsari. Ana nan sai ƙafafunta suka fara ɗaurewa, in ta taka keke sau uku sai sharaɓarta ta murɗe, zuciyarta kuma ta riƙa tsallake bugu. Aka kai ta asibiti aka ɗebi jini.

Likitan mutum ne marar yawan magana. Ya ce ƙwayar fitsarin tana wanke wani gishiri daga jini, sunansa fotasiyam, wanda tsoka da zuciya ba sa aiki daidai sai da shi. Ya rubuta wata ƙwaya: ɗaya da safe, ɗaya da yamma, bayan abinci, da ruwa kofi cike. A haɗiye ta ɗungurungum, kada a tauna, kada a daka. Bayan mako biyu a dawo a sake gwaji.

"In bai hau ba," in ji shi, "gado zan ba ki, a sa miki ta jijiya."

A gadon asibitin nan mijin Yaya ya cika, tun ran nan ko dubiya ta je ba ta zama a bakin gado. Duk gidan an san in akwai abin da take tsoro a duniya, to shi ne.

Da suka koma gida aka buɗe kwali. Ƙwayar ta kai ƙwallon dabino. Yaya ta juya ta a tafin hannu.

"Wannan ƙwaya ce ko ƙwan agwagwa?"

Ta jefa a baki, ta kurɓi ruwa, ƙwayar ta je maƙogwaro ta leƙa ta dawo. Ta sake, ta sake dawowa. A na uku hawaye ya zubo mata.

Malam Ƙamus ya gyara hula. "Yaya, bar mini wannan. Likita ya yi nasa, saura na masu ilimi."

"Malam," in ji matarsa, "mai kemis ɗin asibiti ta nanata kada a daka."

"Kada jahili ya daka take nufi."

Ya ɗauko ƙaramin turmin kayan yaji, ya dandaƙe ƙwayar, ya zuba a shayi, ya miƙa wa Yaya tana zaune a kan keke da farin yadin wata amarya a cinya. Ta kurɓa sau ɗaya. Shayin ya fito ta baki da hanci ya sauka a kan yadin.

"Auta! Ruwan batir ka ba ni?"

Auta take ce masa tun yana rarrafe, shekara hamsin ba ta sa ta daina ba. Ɗan abin da ya wuce mata ya yini yana ƙona mata ciki, matarsa kuma ta yini tana wankin yadi tana magana da sabulu a kan wani mutum da ba ta ambaci sunansa ba.

Wani da ya sha wannan kunya sai ya yi shiru. Malam Ƙamus ya ɗauki takardar gwajin ya baje a tebur, ya zaro ƙamus. Ya nemi fotasiyam bai samu ba, ƙamus ɗin na aljihu ne. Amma a daidai inda ya kamata kalmar ta zauna ya ga wata 'yar uwarta, fotash, a gabanta an rubuta: kanwa. Ya koma kan takardar. A layin da aka ja wa jan biro babu doguwar kalma, harafi ɗaya ne tak: K, sai lamba uku da ɗigo ɗaya, da 'yar kibiya tana kallon ƙasa.

Ya miƙe har kujera ta kife.

"K! Kanwa! Yaya, kin san abin da ke damunki? Ba ki da kanwa!"

"Ni dama ba ni da ƙanwa," in ji Yaya ba ta ɗago daga zare ba. "Ƙane Allah ya ba ni, ga shi kuwa ina gani."

"Kanwa nake faɗa miki, ta kasuwa! Sun ɗauki abin da kakarmu ke jiƙawa, sun sa masa wando da taye, sun dunƙule shi ya fi ƙarfin maƙogwaro. Daga yau an gama wahala."

Ya ɗora kwalin ƙwayar a saman wadrob, ya tafi kasuwa ya dawo da dunƙulen kanwa kamar kan jariri. Ya farfasa, ya jiƙa a jarka, ya manna takarda a jiki ya rubuta K da babban baƙi. Kofi ɗaya da safe, ɗaya da rana, ɗaya da yamma. Don kada a ce yana gwaji a kan marar lafiya, ya ce duk kofin da ya ba Yaya shi ma zai sha irinsa. Ya ɗaga nasa ya shanye a tsaye, fuskarsa ta tattare kamar tsohuwar jaka, ya ce, "Daɗi."

Yaya ta shinshina nata. "Ajiye nan ya kwanta. Zan sha."

Da ya dawo falo ya tarar da kofin wayam. Ya ji daɗi ƙwarai.

Washegari ya kai labari shagon mai aski da ke ƙasan benen, inda mazan titin ke taruwa. Ya baje takardar gwajin a kan teburin almakashi ya yi bayani tun daga farko. Mai askin mutum ne mai ladabin da ya fi zagi ciwo. Ya leƙa takardar ya sa tsinin almakashi a layin sama.

"Allah ya gafarta Malam, na gane K. To wannan Na ɗin da ke samanta fa?"

Malam bai ko duba ƙamus ba. "Wannan ai a fili yake. Nama."

"Nama?"

"Ba ka ga lambarsa daidai take ba? Ni ba na wasa da cefane."

"To Allah ya sa in nawa ya sauka likita ya rubuta mini kilo biyu."

Aka yi dariya, Malam ma ya yi, don ya ɗauka da shi ake yi ba shi ake yi wa ba.

A rana ta uku, ko ta huɗu, ba zan rantse ba, cikinsa ya fara magana. Yana tsaye gaban allo yana tsakiyar jimla ya ji wata ƙara daga ƙasan haƙarƙarinsa kamar ana jan tebur a ɗakin sama. Ya ajiye alli ya fita da taku na mutunci har bakin ƙofa, daga nan ya cire mutuncin ya riƙe a hannu. Sau biyar ya fita kafin a tashi. Shugaban makaranta ya tare shi a baranda ya tambaye shi ko lafiya.

"Jiki ne ke wanke kansa," in ji Malam. "Alamar magani ya kama."

Abin da ya ƙara masa ƙarfin gwiwa shi ne Yaya. Kafin mako ya cika keken ɗinki ya dawo da ƙararsa, tun safe har la'asar. Ta sauka bene ta hau ba ta dafa bango ba. Matan gidan suka gani, labari ya zaga titin. Malam ya fara tafiya da hannu a baya. Takalminsa ya matse shi don ƙafafunsa sun kumbura, ya ce jini ne ya ƙaru, ya koma silifa.

Direban tasi da ke zaune a hawa na ɗaya ya same shi a matakala ya ce shi ma ƙafarsa na yin tsami in ya daɗe a kan kuloci. Malam ya cika masa gora. Kwana ɗaya tsakani Direba ya tare shi a daidai wannan matakalar, idanunsa sun faɗa.

"Malam, me na yi maka?"

"Ka sha kafin abinci ko bayan abinci?"

"Na sha dai. Abincin ma bai tsaya jin ba'asi ba. Sau huɗu ina ajiye fasinja a bakin titi ina shiga gidan mutanen da ban sani ba. Wata mata ta ɗauka sace ta zan yi, ta fita ta bar mini kaza a mota!"

"To ka ga ka samu kaza."

"Ta dawo da mijinta ta karɓa!"

"Jikinka ne bai saba da ilimi ba. Rage zuwa rabin kofi."

Direba ya ce in ya sake ganin gorar nan a ƙofarsa, da mota zai bi ta kanta.

A mako na biyu Malam ya je gyaran fuska. Yana kan kujera, an shafa masa kumfa, mai aski ya gama gefen dama na gashin baki ya ɗora reza zai fara na hagu, sai sharaɓar Malam ta murɗe. Ƙafar ta miƙe da kanta ta harbi kwanon ruwa, kwanon ya tashi ya juye a kan wani dattijo da ke jiran layi yana karanta jarida. Malam ya zamo daga kujera yana riƙe da ƙafa yana salati.

"Allah ya gafarta Malam," in ji mai aski yana kallonsa daga sama, "wannan ba irin ciwon Yaya ba ne?"

Malam ya yi tunani a kwance a ƙasa, da kumfa a rabin fuska. Ciwon Yaya ne sak. Ciwon Yaya kuwa rashin K ne. Maganin rashin K kuwa yana jarka.

"Shi ne," ya ce. "Ashe kofi uku ya yi mini kaɗan."

Ya hau sama da gashin baki gefe ɗaya ya mai da shi kofi shida. Matarsa ta tsaya a ƙofar kicin ta ce, "Malam, don girman Allah ka bari." Ya nuna mata falo inda keke ke ta ƙara, ya ce, "Ga hujja can tana ɗinki." Ta buɗe baki za ta yi magana, Yaya ta yi tari daga falo, ta rufe.

Ranar komawa asibiti ta zo. Malam ya gayyaci mai aski ya zo ya zama shaida. Direba ya yarda zai kai su, ya ce ba don Malam ba, don yana so ya ga ƙarshen abin da idonsa. Malam ya sa babbar riga, ya ɗauki gora ɗaya ta ruwan kanwa da wata takarda mai shafi huɗu da ya rubuta wa likita, mai taken Bayani A Kan Harafin K. Sai da aka riƙe shi ya sauka bene.

Aka ɗebi jinin Yaya aka ce su jira sakamako. Zauren jiran cike yake, benci shida, ga tagar kemis a gefe. Yaya ta zauna tana murza bakin mayafi, idonta na kan ƙofar da ake shiga da masu kwanciya. Malam kuwa ya ga jama'a zaune ba su da abin yi, abin da bai taɓa iya jurewa ba ke nan. Ya miƙe ya fara karanta musu shafi na ɗaya. Kafin ya kai na uku wani tsoho mai sanda ya ɗaga hannu.

"Malam, ni ciwon ƙoda gare ni. Zai yi mini?"

"Kai ma kuwa? Miƙo kofi."

"Kada ka kuskura, Baba!" Mai kemis ce ta leƙo ta taga. Ta zagayo ta fito ta karɓe gorar daga hannun Malam ta shinshina. "Mene ne wannan?"

"K ce, 'yata. Ta asali."

Daidai nan nas ta fito da takarda, likita na biye da ita don ya ji hayaniya. Ya duba takardar ya dubi Yaya.

"Huɗu cif. Ya hau. Ba kya buƙatar gado."

Yaya ta rufe fuska da tafin hannu ta yi hamdala. Malam ya juya ga benci shida ya buɗe hannuwa.

"Kun ji da kunnenku! Likita, ban so in faɗa a gaban mutane ba, amma ƙwayarka tana saman wadrob ko ɓare ta ba a sake yi ba. Kanwa ce ta yi wannan aiki. Ga bayanin a rubuce, kana iya sa sunanka a ƙasan nawa."

Likita ya dubi Yaya. "Kanwa kika sha?"

"Ko ɗigo," in ji Yaya.

Malam ya juyo gare ta.

"Yaya, kofin fa? Kullum wayam nake samunsa."

"Auta, ka taɓa ganin tukwanen gidanka sun yi haske irin na makon nan? Har bahon wanka ya samu rabonsa."

Matarsa ta buɗe jaka ta fito da wata kwalba mai ɗan murfin awo. Ta ce tun ranar shayin ta dawo wurin mai kemis ta faɗa mata Yaya ba ta iya haɗiye ƙwayar, mai kemis ta shiga ta yi wa likita magana, aka canza mata zuwa na ruwa. Ana auna shi a murfi, a tsarma a kofin ruwa, a sha bayan abinci. Suna jira ya tafi makaranta su sha na safe, na yamma kuma ba su taɓa shan wahalar ɓoyewa ba, don a lokacin yana banɗaki.

"Me ya sa ba ku faɗa mini ba?"

"Na buɗe baki sau nawa?" in ji matarsa. "Kai ana faɗa maka abu ne?"

"Ni kuma na ce a bar ka," in ji Yaya. "Da ka sani, da kwalbar ma tana saman wadrob. Ban san ka kai kofi shida ba, da na fasa jarkar a kanka."

Malam ya ɗaga yatsa zai kawo hujja daga shafi na huɗu. Ƙafafunsa biyu suka murɗe a tare. Ya tafi da baya ya zauna a cinyar tsoho mai sanda, ƙamus ya faɗo daga aljihu ya buɗe a ƙasa. Aka ɗaga shi aka ɗora a keken marasa lafiya, nas ta ɗaura masa abin awon jini a dantse, ta duba, ta sake dubawa, ta kira likita da ido. Aka ɗebi jininsa. Ba wanda ya bar zauren, har waɗanda aka riga aka sallama.

Sakamakon ya fito: biyu da ɗigo takwas. Ya fi na Yaya na farko sauka.

Likita ya yi maganar da ta fi kowacce tsawo da aka taɓa ji daga bakinsa. Ya ce kanwa ba fotasiyam ba ce, mafi yawanta dangin gishirin miya ne, shi ya kumbura masa ƙafa ya tayar masa da jini, gudawar kuma ta kwashe ɗan fotasiyam ɗin da yake da shi. Ya juya ga benci ya ce ko ƙwayar gaskiyar ba a ba maƙwabci, ba a sha sai an gwada jini, don in ta yi yawa tana iya tsayar da zuciya, balle ga mai ciwon ƙoda. Ya sa biro a layin sama na takardar.

"Abin da ka yi mako biyu kana ɗura wa kanka shi ne wannan. Na."

"Ashe ba nama ba ne," in ji mai aski a hankali, kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Direba ya yi dariya har sai da nas ta ce ya fita waje.

Gadon da aka yi wa Yaya tanadi, Malam aka ba. Kwana biyu ya yi a kai da ƙarin ruwa a hannu. Yaya ta zo dubiya ta tsaya daga ƙofa, ta ce daga nan ma tana ganinsa sarai. Ranar sallama mai kemis ta kawo masa kwali da kanta, ta ɓare ƙwaya ɗaya ta ɗora masa a tafin hannu, ga kofin ruwa cike. Masu jinya na gadajen gefe duk suka juyo. Malam ya dubi ƙwayar. Daga nesa ba ta kai haka girma ba.

"'Yata," ya ce da ƙaramar murya, "na ruwan nan fa?"

"Wannan na waɗanda ba sa iya haɗiya ne, Malam. Kai da ka haɗiye ƙamus guda?"

"A daka masa," in ji Yaya daga ƙofa. "A shayi."

Sai a gwaji na huɗu ta wuce.

Yadda aka yi da sauran kanwar, da ko Direba ya sake gaishe ni, duk sun bi sauran abubuwan da suka zube. Abu ɗaya dai na bi diddiginsa. Bayan shekaru, a wani garin, na shiga ɗakin karatu na nemi babban ƙamus, irin wanda sai an ɗauko shi da hannu biyu, na duba dalilin da ya sa ake rubuta fotasiyam da K. Harafin farko ne na wata kalma, kaliyum, ita kuma an samo ta daga Larabci, al-ƙalyu, wato tokar tsiron da aka ƙona. Na sake tabbatarwa a littafi na biyu. Larabci kuwa shi ne darasin da na yi shekara talatin ina koyarwa.